Golf ɗin da na saya wata biyu da suka wuce tana shanye ruwa, bakanike ya ce sai sabon inji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ke nan ba na barci. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Da kaka na sayar da riɗina da bijimai biyu, na haɗa da kuɗin adashin maiɗakina, na sayi Golf 3 wagon don in riƙa kai kaya kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ƙanin matata ne ya haɗa ni da dillalin a Kano. Yaron nan a hannuna ya tashi, ni na sa shi makaranta, ni na yi masa aure, shi ya sa da ya ce motar lafiyarta ƙalau ban ja da shi ba. Dillalin ya ce wata hajiya ce take hawanta zuwa unguwa kawai.

Yanzu kullum da safe sai na ƙara mata ruwa kusan galan guda. Ranar Alhamis kafin Gumel allurar zafi ta kai ja, farin hayaƙi yana fita ta salansa. Bakanikenmu ya ce injin ya mutu, in kawo kuɗi ya je Kofar Ruwa ya ɗauko wani. Ba ni da su. In ci bashi ne, ko in sayar da ita haka?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Shekara 30 ina tuƙi tsakanin Kano da Haɗejia, ka saurare ni da kyau. Ba abin da ya sami injinka. Motar ƙasar sanyi ce aka kawo ta cikin zafinmu. A cire tamostat, abin nan da ke tare ruwa sai inji ya yi zafi, a jefar, a haɗa fanka kai tsaye da makulli, magana ta ƙare. Duk motar da na riƙe haka na yi mata.

Abban Sadiq: Baba, da girmanka, wannan ba zai tsayar da farin hayaƙi ba. Malam, kafin ka ba kowa ko sisi, je ka duba abu biyu da idonka. Zaro sandar awon baƙin mai, ka kuma leƙa ƙarƙashin murfin da ake zuba shi. In ka ga ya koma kamar shayi mai madara, ruwa yana shiga cikin mai. Sannan da safe, inji da sanyi, buɗe robar ruwa ka tayar da ita. In kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa, gaskit ɗin top ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Ana sauya gaskit, a kai top ɗin a auna shi, in ya lanƙwashe a goge shi ya daidaita. Kuɗinsa bai kama ƙafar na inji ba. Kada dai ka buɗe robar nan da zafinta, tururin yana sale fuska. Wane ruwa kake zuba mata?

Mai tambaya: Na rijiyar gidanmu. Shi kowa yake zubawa a nan.

Abban Sadiq: Shi ne yake tara tsatsa da ƙasa-ƙasa a cikin lagireto har ya toshe. Motar nan an daina ƙera irinta tun kafin shekarar 2000, dole mai ita ya san ciwonta da kansa.

Maman Ummi: Allah sarki. Mu ma haka aka yi mana. Maigidana ya kai Sienna gyaran birki, ta kwana biyu a gareji, ta dawo tana ƙara kamar injin niƙa, ga shan mai. Sai daga baya wani ya shiga ƙarƙashinta ya ce an yanke abin nan na jikin salansa mai tace hayaƙi da ake kira indomi an liƙe wajen da walda. Har yau ya hana a yi maganar, wai abokinsa ne. Kuɗin makarantar yara muka zuba.

Baban Khalifa: Yaran zamani da karatun waya! Ni a kan titi na koya. Malam, cire tamostat.

Abban Sadiq: Baba, in an cire shi injin yana daɗewa bai ɗauki ɗumin da yake aiki da shi ba, ya ƙara shan mai. Kuma gaskit da ya ƙone ba fanka ce za ta ɗinke shi ba.

Ɗan Ɓaɓura: Ni tambayata daban ce. Ka ga takardun kwastan? Ka gwada lambar shasi da ke jikin motar da wadda ke takarda? Haruffa da lambobi 17 ne. Wa ka tafi da shi ya duba ta ranar ciniki? Ni in ni ne, gobe zan mayar wa dillalin kayansa.

Mai tambaya: Takardu suna wajen ƙanin matata, ya ce zai kawo. Ban tafi da kowa ba, ai da ɗan gida a tsakani bai kamata in nuna ina zarginsa ba. Bakaniken kuma tare muka yi makarantar allo, shekara goma yana gyara mini injin ban ruwa bai taɓa cuta ta ba. Abin kunya ne in ɗauki motar in kai wa wani yana gani.

Abban Sadiq: Yaya, injin ban ruwa daban, mota daban. Ba a ce ka zarge shi ba. Ka tambaye shi kawai, ya buɗe top ɗin ya gani, ko da kunne ya yanke hukunci? Ka duba man?

Mai tambaya: Ban duba ba tukuna, motar tana garejinsa, makullin ma yana hannunsa. Ɗazu ya kira ya ce akwai wani inji da ya samu, in ban kawo rabin kuɗin ba kafin Juma'a za a sayar wa wani. Akwai wanda ya san nawa ake sayar da tunkiya mai ciki yanzu a Maigatari?