Masu katin inshorar lafiya, ya kuke ƙarewa da asibiti?

Baban Hauwa: Salamu alaikum jama'a. Mu masu katin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta Najeriya wadda aka sani da NHIS kafin dokar 2022, ina so mu faɗa wa juna gaskiya: wa ke biyan asibitin nan, kuma ta wace hanya? In zazzaɓi ne babu wata wahala, likita ya duba yaro, in biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, mu dawo gida. Amma ranar da aka tura mai ɗakina wajen likitan ƙashi, zama muka yi tun hantsi har bayan la'asar, wai sai lambar izini ta zo. Kowa ya kawo abin da ya gani.

Akawu: Wa alaikumus salam, Malam. Ni a ofishin kuɗi na wani asibiti mai zaman kansa nake, kuma ta ƙofa biyu kuɗin ke shigo mana. Ta farko kuɗin kai: duk wanda ya zaɓe mu, ana biyan wani abu a kansa kowane wata, ya zo ko bai zo ba. Tun 2012 Naira 750 ne, bai motsa ba sai 2024, a 2025 ya kai 1,450. A ciki za a ga likita, a yi gwajin maleriya, a ba da magani. Ku lissafa da kanku: asibitin da ke da mutum 200 a tsohon farashi, 150,000 ke nan a wata. Damina ta faɗi, sauro ya tashi, kuɗin ba ya kai rabin wata. Mai mutum dubbai shi ke shan romo, domin yawancinsu lafiya lau suke.

Ƙofa ta biyu ita ce ta manyan ayyuka, tiyata da ganin ƙwararren likita. Wannan sai an yi ake biya, a kan farashin da hukuma ta tsara, kuma kamfanin HMO, wato kamfanin da ke tsakanin hukumar da asibiti wajen biyan kuɗi, shi ne zai ba da lambar izini. In muka yi aiki babu lambar, mun yi sadaka. Ko da lambar ma, takardun neman biya kan yi watanni a wajen wasu kamfanonin.

Maman Ikram: Ni dai alhamdu lillahi. Tiyata aka yi mini a haihuwar autata, maƙwabciyar gadona kuwa sai da mijinta ya sayar da babur. Mu ɗan kuɗin magani kawai muka biya. Inda ta ɗaure mana shi ne rajista: ma'aikaci, mata ɗaya, 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Abokiyar zamana da yaranta sai da Maigida ya biya musu daban. Wanda ya tsara wannan bai leƙa gidajenmu ba.

Malamin Firamare: Akawu, ka yi haƙuri, amma ba duka laifin HMO ba ne. Sau nawa ake rubuta mini maganin hawan jini, in je taga a ce babu, in saya a kemis? Na tsaya na ga mai kuɗi a hannu an miƙo masa irin maganin nan daga ciki. Ga albashi ana yanka duk wata.

Akawu: Ba zan musa ba, Malam, ana yi. Inshora tana da jerin magungunanta da farashin kowanne. In kwalin da muka saro ya fi abin da za a biya mu tsada, wasu sai su ce babu. Ba daidai ba ne. Ka sa a rubuta maka a takarda cewa babu, ka kira HMO ɗinka kana tsaye a wajen, lambarsu na jikin katin ko takardar rajista.

Ɗan Zangon Kumasi: Mu a Gana tun 2003 aka kafa tamu, kuma ba daga albashi kaɗai ake tara kuɗin ba. Akwai harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kaya da ake saye, don haka mai sayar da koko ma tana zubawa. An gwada kuɗin kan nan a yankinmu na Ashanti a 2012, asibitoci da jama'a suka yi ta ƙorafi, aka dakatar da shi a 2017. Yanzu asibiti na kai lissafi gwargwadon cutar da ya yi wa magani. Ni ta waya nake sabunta katin mahaifiyata, in danna *929#. Amma "je ka sayo a waje" mu ma muna jin ta, musamman in biya ya yi jinkiri.

Maman Ikram: Akawu, in mutum ya canza asibiti, kuɗin kan nasa na binsa can, ko sai wata shekarar?