Silaidi na fitowa dishi-dishi a sikanar Epson V600, ina matsalar take?

Mai tambaya, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Assalamu alaikum. Malamai masu harkar hoto, shawara ake nema. Silaidi ne masu milimita 35, irin waɗanda ake haskawa da majigi, kimanin ɗari uku, galibinsu na Hawan Sallah a Ƙofar Soro da Hasumiyar Gobarau, na shekarun 1970 da 1980. Wasu a firam na kwali suke, wasu na roba. Idan aka ɗaga silaidin a haske garau yake, amma a kwamfuta sai adon dawakin duk ya cakuɗe. An kai dpi, wato yawan ɗigo a kowane inci, har 6400, babu abin da ya ƙaru sai nauyin fayil. Abin mamaki, na roba sun fi na kwali fitowa. Sikanar ce ta lalace ko saiti ne?

Mai ɗakin hoto, Ƙofar Marusa

Wa'alaikumus salam. Malam, amsarka na cikin tambayarka, inda ka ce na roba sun fi fitowa. Idon V600 a kafe yake, ba ya neman fokas da kansa kamar kyamara. Akwai wani tsayi guda a saman gilashi inda yake gani tar, kuma ko sikana biyu 'yan kamfani ɗaya sukan bambanta a wannan tsayin. A mariƙin V600, wato robar da ake jera silaidi a cikinta, silaidi a kan gilashin yake zama, don haka kaurin firam shi ke yanke nisan fim daga gilashi. Kwali siriri ne, roba takan fi shi kauri. Alama ke nan taka sikanar tana son fim ya ɗan ƙara ɗagawa.

Kafin komai, ka tabbatar hoton kansa ba a girgize aka ɗauke shi ba. Abin da ido ya gani garau a fim mai faɗin milimita 24 da 36 ba hujja ba ne. Ka sami gilashin ƙara girma mai ninki 8 ko 10 ka duba. A kwamfuta kuma ka buɗe hoton a kashi 100 cikin 100 ka dubi sararin sama: in tsaki-tsakin fim ya fito kamar yashi, sikanar ta yi aikinta, laifin na mai ɗauka ne. In ya zama kamar kunu, tsayi ne.

Gwajin kuwa ga shi. Ka ware silaidi ɗaya marar amfani, ka karce gicciye a kansa da allura, tsakiya da kusurwa. A manhajar sikanar ka shiga Professional Mode, ka kashe Unsharp Mask (mai ƙara kaifi) da Digital ICE (mai share ƙura), ka sa dpi 3200, ka zaɓi ɗan wurin karcen kawai don kada ka ɓata lokaci. Sai ka yanka takarda siri-siri ka sa ƙarƙashin gefuna biyu na firam. Takardar A4 mai giram 80 kaurinta kusan milimita 0.1 ne. Ka gwada babu takarda, sannan falle 2, 4, 6, 8, har 10, kana sa wa kowane fayil sunan yawan fallayen, in ba haka ba za ka rikice. Ka jera su a allo. Za ka ga karcen yana ƙara kaifi har ya kai wani wuri ya fara komawa. Nan ne gejinka. Tsohon katin ATM kaurinsa milimita 0.76, in lissafinka ya faɗa kusa da nan sai ka yanka shi ka huta da takarda. Na kwali da na roba kowanne da nasa gwajin.

Mai gyaran na'urori, Daura

Abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai ba kowane dishi-dishi ne fokas ba. Ka kashe wutar ɗaki, ka haska tocila a karkace a kan gilashin. Sau da yawa za ka ga wani farin hazo a fuskar ciki, wanda robar cikin na'urar ke fitarwa a hankali, zafinmu kuma na ƙara masa gudu. Shi ba ya sauya fokas, amma yana watsa haske, baƙi ya zama toka-toka, farar rawani ta yi kamar tana hayaƙi. Gilashin murfi ma a duba shi, ta nan hasken ke saukowa. In sai an kwance an goge ciki, a cire wuta, a rufe taga, a yi da ƙyalle marar gashi da ɗan sifirit. Kada a yi wannan aikin ranar da hunturu ya taso da ƙura, abin da zai shiga ya fi wanda za a fitar.

Na biyu, lanƙwasa. Fim ɗin da ya shekara arba'in a kwali yakan yi ciki kamar faifai. Alamarsa tsakiya tar gefe dishi, ko akasin haka. Takarda ba ta maganin wannan, zaɓi kawai za ka yi, ka bai wa tsakiya fokas. In hoton mai daraja ne, a mayar da shi firam mai gilashin hana zobe irin na kamfanin Gepe. Kada a kwantar da fim tsirara a kan gilashin sikana, zobba masu launin bakan gizo za su fito. Kuma in ka farke kwali ka adana shi, na Kodak galibi akwai wata da shekarar wanki a buge a jiki.

Ɓangaren fim mai sheƙi ƙasa yake kallo. Ɗan gurbin da ke saman mariƙi kuma kada takardarka ta rufe shi, da shi na'urar ke auna haske.

Mai aikin adana hotuna, Katsina

Yallabai, ka rage buri a kan 6400 ɗin nan. Rubutun jikin kwalin sikanar ne kawai. Abin da idon V600 ke iya rarrabewa a zahiri bai wuce wajen 1500 zuwa 1600 ba, manyan yayyenta V700 da V850 kuma wajen 2300. Ka tsaya a 2400 ko 3200. A 2400 silaidi zai ba ka kimanin ɗigo 3400 da 2270, ya isa bugu kusan girman A4. Ko an dace da tsayi, sikana mai shimfiɗa sai an ƙara mata kaifi daga baya, amma a manhajar gyaran hoto, a kan kwafi, asalin fayil ɗin TIFF da sikanar ta fitar a bar shi yadda ya fito.

Ka kuma karanta sunan fim a jikin kwalin silaidin. In an rubuta Kodachrome, bar Digital ICE a kashe ko bayan gwaji, domin hasken infrared da yake neman ƙura da shi yana ɗaukar wasu sassan hoton a matsayin datti ya shafe su. Ektachrome ba shi da wannan. Ƙura a hure ta da famfon roba, ba da baki ba.

Mai tambaya

Allah ya saka da alheri. To in aka sami aron V850, nan ma sai an yi ta yankan takarda?

Mai ɗakin hoto, Ƙofar Marusa

A'a, mariƙinta na da 'yan maɓallai masu zamewa, mataki biyar daga milimita 2.5 zuwa 4.5, tana zuwa a kan 3. Ka daidaita su duka a mataki ɗaya, ka yi gwajin allurar nan sau biyar. Sai dai ido biyu gare ta: ka zaɓi Film Holder a manhaja, don in ka zaɓi Film Area Guide za ta koma idon da ke kallon saman gilashi, gwajin duk ya tashi a banza.