Wai da 'yan kwantai za mu haura?

Ɗan Kulob: Jama'a, ku bar ni in amayar da abin da ke cina tun jiya. Shugaban ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa ya fito ya ce kuɗin bana bai kai na bara ba, an zabtare kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma da bakin nan nasa ya ce bana sai mun haura rukunin sama. Da me? 'Yan wasa tara aka sallama, har da kyaftin, har da ɗan gaban da ya riƙe mu a kakar da ta wuce. Waɗanda aka kawo kuwa, in ka cire yara biyu na aro, duk 'yan kwantai ne, waɗanda kwantiraginsu ya ƙare a wani wuri babu wanda ya taya. Na je kallon atisaye ranar Talata, na ga sabon mai tsaron bayan nan yana dafe gwiwa tun ba a yi minti ashirin ba. Ni dai na faɗa, ba a haura rukuni da kwantai. Ko ka zuba kuɗi, ko ka daina yi wa mutane alkawari.

Tsohon Gola: Yaro, kwantai ka ce? Mutane ne fa kake magana a kansu, masu iyali.

Ɗan Kulob: Baba, ba zagi na yi ba. Kayan da aka kai kasuwa aka dawo da shi, me sunansa?

Tsohon Gola: Sunansa ɗan wasan da ba shi da ƙungiya. Ni an taɓa sallamata ina da shekara ashirin da shida. Wata huɗu ina yawo da takalmi da safar hannu a jaka, in tsaya a bakin fili tun da sassafe ina jiran koci ya ce in shiga gwaji. Wata rana minti goma kacal aka ba ni, ko ƙwallo ɗaya ba a bugo mini ba, aka ce in tafi za a kira ni. Har yau ba a kira ba. Ƙungiyar da ta ɗauke ni daga baya kaka biyar na tsare mata raga. Yanzu ka gaya mini, a wata huɗun nan ni kwantai ne?

Maman Biyu: Allah sarki Baba. Ɗan Kulob, ka janye kalmar nan kawai, ba ta yi daɗi ba.

Ɗan Gunners: Me zai janye? Gaskiya ce ɗaci gare ta. In da ɗan wasa na da kyau da ba a sake shi ba.

Mai Lissafi: Nan ne ka kauce, Ɗan Gunners. Tun hukuncin Bosman na 1995 ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare a Turai yana da 'yancin tafiya ba tare da an biya kuɗin sayensa ba. A ƙananan rukunan Ingila yawancin kwantiragi shekara ɗaya ne ko biyu, don haka duk ƙarshen kaka 'yan wasa da yawa ne ke fita kasuwa a lokaci guda. Wani ƙungiyarsa ce ta faɗo ta kasa biyan albashinsa, wani sabon koci ne ya zo da nasa mutanen, wani rauni ne ya kwantar da shi rabin kaka. Ba duka ne aka saki don ba su iya ba. Jamie Vardy ma Sheffield Wednesday ta sallame shi yana ɗan shekara 16.

Ɗan Gunners: Na san za a kawo Vardy. Kullum Vardy. Mutum ɗaya a cikin dubu nawa?

Jan Shaiɗan: Mutum ɗayan nan shi ya ɗaga kofin Firimiya da Leicester a 2016, ku 'yan Arsenal kuna na biyu kuna kallo. Shi ya sa sunansa ke yi maka zafi.

Ɗan Gunners: A kakar nan gida da waje muka doke Leicester. Je ka duba. Ku 'yan Manchester United a na nawa kuka ƙare?

Jan Shaiɗan: Kun doke su, su suka tafi da kofi.

Maman Biyu: Don Allah me ya kawo Arsenal da United cikin wannan magana?

Ɗan Kulob: Kun gani ko? Ni maganar kuɗi na kawo. Kuma Vardy ba kyauta Leicester ta same shi ba, fam miliyan 1 ta biya Fleetwood a 2012, kuɗin da ba a taɓa biya wa ɗan wasan rukuni na biyar na Ingila ba a lokacin. Kuɗi dai, kuɗi. Ku dubi Wrexham. Shekara 15 suna dambarwa a rukuni na biyar. 'Yan fim Ryan Reynolds da Rob McElhenney suka saye ta a 2021, suka ɗauko Paul Mullin daga Cambridge bayan ya ci ƙwallo 32 a League Two, wato rukuni na huɗu, ya yarda ya sauko ƙasa. Sai haurawa a 2023, a 2024, a 2025, sau uku a jere. Wannan dabara ce ko aljihu?

Mai Lissafi: Yauwa, ka ba ni sanda da hannunka. Mullin nawa aka saye shi? Ko sisi. Kwantiraginsa ne ya ƙare a Cambridge. A ma'aunin da ka kafa, shi ma kwantai ne.

Ɗan Kulob: A'a Malam, kada ka juya mini magana. Wanda ƙungiyarsa ke so ya zauna ya ƙi daban, wanda aka nuna wa ƙofa daban. Mullin albashi ya bi. Namu fa, wa ya roƙe su?

Mai Lissafi: To ashe kwantai iri biyu ne ke nan.

Ɗan Kulob: Iri ɗaya ne. Mullin ba ya ciki.

Tsohon Gola: Har yanzu kana maimaita kalmar. Na haifi kamarka, na roƙe ka ka bari, ka ƙi.

Ɗan Gunners: Baba, da girmanka, amma nan ba maganar shekaru ake ba. Kowa ya kawo hujja.

Kawun Yara: Kai Ɗan Gunners, ka iya bakinka. Mutumin da ya tsaya a raga shekara da shekaru kake ce wa ya kawo hujja? Jikinsa ne hujjar. Kai ka taɓa buga wa wata ƙungiya?

Ɗan Gunners: Sai na buga kafin in yi magana, Kawu? To ashe a rufe bakin duk 'yan kallo.

Kawun Yara: Ban ce a rufe ba. Ladabi na ce.

Mai Lissafi: Ku bar wannan, ga abin da ya fi. A kakar da Wrexham ta samu maki 111 a rukuni na biyar, Notts County ta samu 107, kuma ɗan gabanta Macaulay Langstaff, da ta ɗauko daga Gateshead a rukunin ƙasa, ya ci 42, ya fi Mullin mai 38. Ita ma ta haura ta wasan cike gurbi. Sannan Accrington Stanley a 2018, tana cikin masu ƙaramin aljihu a League Two, John Coleman ya kai ta ta lashe gasar, Billy Kee ya ci 25. Luton ce ta biyo bayanta a shekarar. Ita Luton ɗin an cire mata maki 30 a kakar 2008/09, ta faɗi daga League Two, ta yi kaka biyar a can ƙasa, ta dawo a 2014, ta shiga Firimiya a 2023 bayan ta fitar da Coventry da bugun fenariti a Wembley. Pelly Ruddock Mpanzu yana tare da ita tun daga rukuni na biyar har Firimiya. Abin da ƙungiyoyin nan suka yi shi ne riƙe ƙashin baya, gola da masu tsaron tsakiya da mutum ɗaya ko biyu a tsakiya, su bar koci ya daɗe, su yi ta ƙari kaɗan-kaɗan.

Ɗan Kulob: To mu ƙashin bayan aka sallama! Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Jan Shaiɗan: Kuma Luton ɗin yanzu tana ina? Ta faɗo a 2024, ta sake faɗowa a 2025. Hawan da babu kuɗi a ƙarƙashinsa ba ya ɗorewa.

Mai Lissafi: Hawan da aka yi da kuɗin da babu shi fa? Bury ta haura daga League Two a 2019 'yan wasanta na bin ta albashi. A watan Agustan shekarar aka kore ta daga gasar gaba ɗaya, ko wasa ɗaya ba ta buga a League One, wato rukuni na uku, ba. Ƙungiyar da aka kafa tun 1885. Ni na fi son shugaban da zai ce kuɗi sun ragu da wanda zai ciwo bashi don a tafa masa.

Jan Shaiɗan: Ko dai aiki kake yi wa shugaban nan?

Mai Lissafi: Ban san shi ba, bai san ni ba. Ka ji tsoron Allah.

Maman Biyu: Ni abin da ya fi damuna yaran aron nan ne. Kayan aro ba ya rufe katara. Ka saba da yaro, ya fara ci maka ƙwallo, watan Janairu masu shi su ce ya dawo gida.

Mai Lissafi: Hajiya, hakan ta faru da Plymouth. Swansea ta janye Morgan Whittaker a Janairun 2023 yana tsaka da taka musu rawa. Duk da haka da maki 101 suka lashe League One, suka wuce Ipswich da Sheffield Wednesday da suka fi su ƙarfin aljihu, kuma Bali Mumba da Finn Azaz da suka taimaka musu duk 'yan aro ne. Dokar can ma 'yan aro biyar kawai ta yarda ka sa a jerin 'yan wasan ranar wasa, don haka ba za ka gina ƙungiya kacokan a kansu ba. Amfanin aro shi ne sau da yawa uwar ƙungiyar ce ke ɗaukar wani kaso na albashi.

Maman Biyu: Na ji, amma yaron da ya san ba zai kai baɗi a wurinka ba, zai sa ƙafa inda za a karya shi saboda kai?

Tsohon Gola: Wannan ita ce magana, 'yata. Ɗan aro yana da gidan komawa. Wanda aka sallama ba shi da ko'ina. Na zauna ɗakin canza kaya da su duka. Wanda ya ɗanɗana zaman gida babu albashi, in ya samu riga, da haƙori yake riƙe ta. Shi ne zai sa kai a ƙwallon da wani zai kauce wa. Su ne waɗanda yaron nan ke kira kwantai.

Ɗan Kulob: Baba, zuciya ba ta gyara gwiwa. Wasa sama da arba'in ne a gabanmu, wani lokaci biyu a mako. Mutum sha takwas gare mu. In uku suka ji rauni, biyu suka samu kati, wa zai zauna a benci?

Ɗan Gunners: Ƙyale su. Sun fi son labarin tausayi.

Kawun Yara: Kai dai yau sai ka ja wa kanka. Tausayi laifi ne?

Ɗan Gunners: Kawu, tun ɗazu ni kake bi. Akwai wata a ƙasa ne?

Kawun Yara: Akwai. Wancan makon ma haka ka yi wa Malam a maganar alƙalin wasa, ba ka ba shi haƙuri ba har yau.

Jan Shaiɗan: Halin 'yan Arsenal ne.

Ɗan Gunners: Kai kuma wa ya sa da kai?

Maman Biyu: Ɗan Kulob, kalma ɗaya ce fa. Ka ce ka janye a huta.

Ɗan Kulob: Yaya, in na janye kalmar kyaftin zai dawo? Baba ya yi haƙuri in ta taɓa shi, ba da shi nake ba. Amma ban ga wani sunan da zan kira su da shi ba.

Tsohon Gola: Haƙurin da aka haɗa da amma ba na karɓarsa.

Shugaban Zaure: To jama'a, ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta. Kusan kowa ya yarda kalmar kwantai ba ta dace ba, kuma Baba Tsohon Gola ya yi mana bayanin da babu mai ja da shi, domin shi ya shiga ruwan ya san zurfinsa. Malam Mai Lissafi ya kawo misalai har huɗu, Accrington da Luton da Notts County da Plymouth, da suka tabbatar ana haurawa ba tare da tulin kuɗi ba. Ɗaya ɓangaren Wrexham kaɗai suka iya kawowa, ita ma an nuna ɗan wasan nata kyauta aka same shi. Ni tun farko ra'ayina shi ne shugabanni sun yi daidai da suka ɗinka riga daidai jikinsu, kuma na ga muhawarar nan can ta karkata. In aka ƙara da yaran makarantar ƙungiya biyu ko uku, benci zai cika. Ɗan Gunners, ka nemi Kawu da Malam ka ba su haƙuri. Daga yau duk wanda ya sake rubuta kalmar nan zan goge.

Jan Shaiɗan: Yallabai, ina faɗowar Luton sau biyu da na kawo? Ban ji ta a bayaninka ba.

Ɗan Kulob: Kuma ba kusan kowa ba ne, mu uku ne ba mu yarda ba. Malam da bakinsa ya ce sai an riƙe ƙashin baya, na ce namu an sallame shi, aka tsallake. Na tambayi wa zai zauna a benci, yaran makarantar da kake faɗa ko wasa ɗaya ba su taɓa buga wa manya ba. Ranar Asabar akwai wasan sada zumunci, zan je, zan zauna ta gefen da mai tsaron bayan nan yake, in ƙirga minti nawa zai yi.