Me ke kai ku gidan kallo?

Baban Hafsat, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare ina sa takalmi zan fita kallon wasa, maiɗakina ta ce, "Baban Hafsat, ga talabijin a falo, ka biya kuɗin tasha, ga fanka, ga shayi. Me za ka je nema cikin zafi da cunkoso, har da biyan kuɗin shiga?" Na ce mata sai na dawo. Na dawo ɗin kuma bakina ya kasa faɗin abin da zuciyata ta sani. Don Allah duk wanda ya taɓa zama a bencin gidan kallo ya ba mu labarin ranar da ba zai manta ba, ko na tsinci amsar da zan ba ta.

Dattijon Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam, ɗana. Mu tun kafin gidajen kallo su cika gari muka fara. A 1996 talabijin ɗaya ce a layinmu, ta wani tela, sai ya fito da ita ƙofar shago ya ɗora a kan teburin da yake yanka yadi.

Daren 31 ga Yuli ne, wasan kusa da na ƙarshe na Olamfik ɗin Atlanta, mu da Brazil. Ko zama ba mu gyara ba suka jefa mana ɗaya. Aka tafi hutun rabin lokaci suna da 3 muna da 1, ita ma ɗayar Roberto Carlos ne ya ci gidansu. Da aka dawo muka samu fenareti, Okocha ya buga, golansu Dida ya tare. Nan fa rabin layi suka naɗe tabarmi, kowa na cewa gara ya kama barcinsa. Muka rage ba mu fi mu goma sha biyar ba, har da wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur, da wani maƙwabcina da muka shekara biyu ba ma ga maciji saboda rigimar kwata.

Saura kamar minti goma sha biyu Ikpeba ya farke ɗaya. Ana dab da tashi ƙwallo ta faɗo gaban Kanu a bakin raga, ya ɗaga ta sama da ƙafa, ya juya ya sa ta ciki. Lokacin dokar ita ce a ƙarin lokaci wanda ya fara ci ya gama. Minti huɗu kacal, Kanu ya sake. Wallahi ban san lokacin da na rungume maƙwabcin nan ba. Waɗanda suka tafi barci suka fito, wani daga shi sai gajeren wando, mata na leƙowa ta soro suna tambaya ko gobara ce. Yara suka ɗaga Ibon nan sama suna zagaye layi da shi.

Ku tuna halin da ake ciki a shekarar: an dakatar da mu daga Commonwealth, ba mu je gasar Afirka a Afirka ta Kudu ba, kunna rediyo ma sai ka yi shahada. Ga kuma yaran Kaduna a cikin tawagar, Garba Lawal, Tijjani Babangida, Amokachi, Babayaro, sai kake jin naka ne ke can. Bayan kwana uku Amunike ya ci ta uku a ragar Ajantina muka ɗauki zinare. Maƙwabcina ya rasu shekaru da dama da suka wuce, Allah ya jiƙansa, kuma tun daren nan ba mu sake yin ko musu ba.

Mai gidan kallo, Kano

Amin, Baba. Ni sana'ata ce, shekara goma sha ɗaya ina kai. Rumfar kwano ce, benci ashirin, talabijin uku da majigi, sai allon da nake rubuta wasannin ranar da alli in jingine a bakin titi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareto ne ke cinye ribar. In ba babban wasa ake ba, da ƙyar nake mayar da kuɗin fetur. Amma ban rufe ba.

Abin da idona ke gani kullum: akwai wani Alhaji da ke ajiye motarsa nesa kaɗan, ya shigo ya zauna kusa da wani ɗan dako na kasuwa. Alhaji ɗan Manchester United ne, ɗan dakon ɗan Arsenal. In aka ci United sai yaron ya juyo ya ce, "Alhaji, yau kuma wa za ka ɗora wa laifi?" Alhaji ya yi dariya ya saya masa ruwan leda. A ina kuma ɗan dako zai faɗa wa Alhaji haka? Ni dai ina ganinsa kamar wasan Kanawa da Zage-zagi, ko na Fulani da Barebari: tsokana ce mai lasisi, kowa ya san iyakarta. Kuma yawancin 'yan Arsenal ɗin da suka manyanta, in ka bi salsala, Kanu suka biyo lokacin da ya koma can a 1999. 'Yan Chelsea kuwa Babayaro da Mikel ne suka ja su.

Maman Khalifa

Ni ban taɓa shiga ba, awara nake soyawa a bakin ƙofa. Amma daga ihu nake gane wanda ya ci. In 'yan Madrid ne ihun daban, in Najeriya ce kuwa har kwanon rumfar sai ya amsa. Ranar da Sunday Mba ya ci Burkina Faso a 2013, da matsami a hannuna na miƙe ina guɗa. Ku gaya wa Maman Hafsat mu ma haka muke: ɗan bidiyon barkwancin da za ki kalla ke kaɗai ki yi murmushi, in kin nuna wa maƙwabta a tsakar gida sai kun yi dariya har da hawaye.

Ɗan Maraɗi

Mu a Nijar ranarmu ita ce ta Oktoban 2010, da Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ta ci Masar 1 da nema a Yamai, Moussa Maazou ya ci. Masar ɗin da ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere! Shekara na zagayowa suka rama mana 3 da nema, muka fito daga gidan kallo jiki a mace. Muna tsaye wajen mai shayi aka ce Afirka ta Kudu da Saliyo sun tashi canjaras, kuma da lissafin karawar da aka yi tsakani mu ne muka wuce gasar kofin Afirka ta 2012, karon farko a tarihi. Wanda ya kawo labarin sai da ya rantse sau uku kafin mu yarda.

Malamin firamare, Gusau

Ku yi mini haƙuri, ni nawa labarin ba mai daɗi ba ne. A gidan kallo ƙanena ya koyi cacar ƙwallo a waya. Kuɗin rajistar jarrabawarsa ya saka a wasa guda, mahaifiyarmu sai da ta sayar da akuyarta. Na kuma ga an fasa wa yaro kai saboda ƙungiyar da ba ta san da zamansa a duniya ba, na ga ana kiran la'asar benci bai motsa ba. Ni ma ina son ƙwallo, Pillars nake yi tun kofin 2008, amma wannan ɓangaren ma a faɗe shi.

Mai gidan kallo, Kano

Malam, gaskiyarka, Allah ya shirya mana shi. Ni in lokacin salla ya yi kashe sauti nake, akwai buta da tabarma a gefe. Cacar ce ta fi ƙarfina, don a aljihunsu take.

Ɗan Damaturu

Ranar 17 ga Yunin 2014, ana wasan Brazil da Meziko na kofin duniya, bam ya tashi a wani wurin kallo a garinmu. Ni ina wani gidan kallon daban, muka ji ƙarar, talabijin na ci gaba da nuna wasa mu kuma kowa ya yi ta kansa. Mutane da yawa sun rasu, cikinsu har da abokina da muka yi makarantar allo tare. Makonni biyu kafin nan an yi irin haka a Mubi.

Na fi shekara biyu ko sautin mai sharhi ba na son ji. In na ga taron mutane sai in sauya hanya. Ranar da na koma ita ce ta wasanmu da Iceland a 2018. Wani ƙanen marigayin ne ya zo har gida ya ce, "Yaya, taso mu je." Na zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, idona na kan duk mai shigowa. Da Ahmed Musa ya tare ƙwallon nan ya ɗaɗa ta raga, sai na tsinci kaina a tsakiyar rumfa, wani da ban sani ba ya riƙe wuyana yana tsalle. Kafin ya ci ta biyu na manta da ƙofar gaba ɗaya. Da muka fito, ni da yaron muka tsaya a bakin titi muka yi wa yayansa addu'a, sannan muka je muka sha shayi.

Baban Hafsat, Kaduna

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ƙara mana zaman lafiya. Na karanta mata duka, har na Malam. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni ƙarfe nawa ne wasan Asabar. Ta ce in tafi da Abba, amma mu yi la'asar kafin mu shiga, kuma wayarsa a gida za ta zauna.