Consommation ɗin wuta, me za mu ce da Hausa?

Mai shirin safe, Garwa: Salamu alaikum jama'a. Gobe zan karanta rahoto a rediyo kan yadda consommation ɗin lantarki ya canja a Kamaru, tun kafa kamfanin wutar ƙasa Sonel a 1974 har aka sayar wa kamfanin AES na Amurka a 2001, ta zama Eneo a 2014. Kalmar nan ta Faransanci, consommation, ta tsaya min, ku taimaka kafin dare don Allah.

Malama, Marwa: Shan wuta mana.

Baba tela: A'a 'yata, in aka ce Kamaru ta sha wuta sai a ɗauka gobara aka yi. Mu cewa muke firij na cin wuta, dutsen guga na jan wuta.

Ɗalibin Gaundare: A haɗe su kawai, ciwuta. Ciwutar ƙasa ta ƙaru, gajere ne ga daɗin faɗa.

Malama: Ciwuta? Mai sauraro zai ji ciwo ko cuta ne wallahi.

Ɗalibin Gaundare: Da a Kano aka ƙirƙiro ta da tuni kun karɓa, komai sai mun jira 'yan Najeriya sun sa mana hannu, alhali lantarkin ma aro ne, mu nan kuran muke cewa.

Wani daga Injamena: Kuran ɗin ma ai na Faransa ne ɗan'uwa.

Ɗalibin Gaundare: Amma shi ne a bakin iyayenmu.

Mai gyaran wuta, Gidar: Ku bar rigimar nan akwai abin da ya fi ta. Abin da aka ci daban, abin da ake buƙata daban. Mu arewa layinmu ba a haɗe yake da na kudu ba, madatsar ruwa ta Lagdo muka dogara da ita tun 1982, megawat 72 ne kuma in ruwan Binuwai ya ja baya ba ta kaiwa nan, sai ɗauke wuta unguwa unguwa, lissafi ya nuna an ci kaɗan alhali mutane na zaune a duhu. Kuma shekaru da yawa Alucam, masana'antar alminiyum ta garin Edeya, ita kaɗai ke cin kaso babba na wutar ƙasar. In kika ce ƙasa ta ci kaza, ki faɗi waye ya ci.

Mai shirin safe: Na gode Yaya. Zan ce wutar da ake ci, ɗayan kuma wutar da ake buƙata. Kuran zan sa a hira, lantarki a rahoto.

Ɗalibin Gaundare: Ya yi tsawo dai. Ki karanta hakan gobe, amma ni ciwuta zan ci gaba da rubutawa.