Neman shawara: duron gas a bayan Hilux, ga kuma tirela a maƙale

Mai tambaya:
Assalamu alaikum direbobi da makanikai na wannan zaure. Don Allah shawara nake nema cikin gaggawa, ranar Asabar za mu tashi. An ba mu aikin haɗa famfon sola a wani ƙauye gaba da Yusufari, wajen Tulo-Tulo. Aikin nan tun kafin azumi ake jan sa, yau a ce gobe, gobe a ce jibi, sai yanzu mai aikin ya ba da rabin kuɗi ya ce lallai a gama kafin ruwa ya sauka. Motar da muka saba ɗauka haya tana gareji, shi ya sa zan tafi da tawa. Hilux ce ta 2014 mai ƙofa huɗu, injin 2.5 na gas (wato dizal), tankinta lita 80. Zan ja tirela ƙirar gida, a kai akwai farantan sola, bututu, ƙarafan hasumiyar tanki da siminti. Mu biyar ne, da janareton walda. Hanya ita ce Kano, Haɗejiya, Nguru, Gashuwa, Yusufari, daga nan sai yashi. A lissafina kwalta kilomita 760 zuwa da dawowa, yashi 120. Na riga na sayi gas lita 200 a duron ƙarfe. A ina zan ɗora shi, bayan mota ko kan tirela? Kuma zafin nan ba zai sa ya kama wuta ba?

Oga Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam, ka bar maganar wuta tukuna. Gas ba fetur ba ne, sai zafinsa ya haura digiri 50 yake fitar da tururin da zai kama, shi ma sai an kawo masa wuta. Fetur kuwa ko a sanyin hunturu kamawa yake. Matsalarka nauyi ce. Lita ɗaya ta gas kilo 0.84 ce, lita 200 ta zama kilo 168, ka ƙara nauyin duron kansa, kilo 190 ke nan. Mutum biyar kilo 350. Hancin tirela yana danna ƙugiyar mota da kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinta, in tan ɗaya da rabi ce, kilo 150. Janareto da kayan aiki ka sa 150. An kai 840. Irin motarka abin da aka yarje mata tsakanin kilo 800 ne zuwa 1,000, har da mutanen ciki. Ka kai bakin iyaka tun ba a ɗora ruwan sha da safaya ba. Nawa tirelar take da kayanta? Tana da birki?

Direban Nguru:
Ka ɗora a tirela kawai ka huta, bayan mota ya sami sauƙi. Mu a nan haka ake yi.

Oga Bakanike:
Haka ake yi, haka kuma ake kifewa. In za a sa a tirela, sai dai daidai kan tayoyinta ko ɗan gaba kaɗan. In ka sa kilo 190 a bayan tayoyin, hancin ya yi sauƙi, da ka kai gudun 70 ko babbar mota ta gifta ka sai tirelar ta fara kaɗa wutsiya, ta ja bayan motar. In ka sa shi can gaba kuma, ƙugiya ta danne, gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako. Sannan tirelar gida ba ta da shokozoba, duk ramin da aka faɗa duron ne zai sha, ta wajen ɗinkin gindinsa yake fara tsatsafa.

Mai tambaya:
Oga, ban auna ta ba gaskiya. Siminti buhu 12 ne, sauran ba su da wani nauyi. Birki babu, amma ƙarfenta mai kauri ne, wanda ya ƙera ta ya san aikinsa.

Oga Bakanike:
Buhu 12 kilo 600 ne. Tirelar da kake yabon kaurin ƙarfenta ita kanta ba za ta gaza 400 ba. Ga ƙarafan hasumiya. Ka wuce tan ɗaya nesa ba kusa ba, alhali tirela marar birki kilo 750 ce iyakarta a littafin Hilux. Birkin motarka kaɗai zai tsayar da wannan duka. Ka sayi simintin a Gashuwa mana.

Tsohon Direba:
Ɗana, ni tambayata daban ce. Me za ka yi da lita 200? Da tirela a kwalta ka ƙaddara lita 15 a kowace kilomita 100, ka ga 114. A yashi da giyar taimako ka sa 25, ka ga 30. Amma ai ba daji za ka bi daga Kano ba, akwai gidajen mai a Haɗejiya da Nguru da Gashuwa. Ka cika tanki a Gashuwa, lita 80 za ta kai ka ƙauyen ta dawo da kai. Abin da kake bukata na janareto ne da na ko-ta-kwana. Jarka huɗu masu lita 20 sun ishe ka, kowace mutum ɗaya zai ɗaga, a jera su jikin kan mota a ɗaure.

Mai tambaya:
Baba, na gode, amma na riga na biya kuɗin man, kuma na same shi da sauƙi. Ban kuma yarda da man hanya ba, ana gauraya shi da kananzir.

Mai Kanta:
Wallahi gaskiyarka. Yanzu ko a gidan mai ba ka tsira ba, lita ba ta cika, farashi kullum sabo. Ga injekta ɗaya ta fi kuɗin taya biyu, ka kai gyara a musanya maka da tsohuwa. Allah dai ya kyauta.

Oga Bakanike:
To ai shi man da ya samu da sauƙin shi ne abin tambaya. A gidan mai aka zuba, ko a bakin titi? Me duron ya taɓa ɗauka? In fetur ne, ko kaɗan ya rage a ciki, duk abin da na faɗa kan wuta ya rushe, don tururin fetur zai cika sararin saman duron. In mai rufin kwano ne a ciki, irin farin ƙarfen nan, gas yana narkar da shi ya je ya toshe bakin injekta. Injinka D-4D ne, irin na zamani, matsin mansa ya haura bar 1,000 a ma'aunin matsi, ba irin tsohon injin 5L ba ne da ke shan duk abin da aka ba shi. Ruwa cokali kaɗan yana cinye famfo. Ka ɗebi man daga ƙasan duron a farar kwalba, ka ajiye awa ɗaya. In ka ga layi a ƙasa, ruwa ne. Kuma in an cika duron fal, ka rage lita 10. Gas yana kumbura, lita 200 da aka zuba da sanyin safe tana ƙaruwa da lita 3 in zafi ya hau da digiri 20, ta murfi za ta nemi hanya.

Direban Nguru:
Ni dai jarkokin man gyaɗa rawaya nake gani kowa yana amfani da su, lita 25, babu abin da ya faru.

Tsohon Direba:
Murfinsu ba shi da roba, sai an sa leda, kuma rana tana sa su yi taushi. In dole ne, kada a ɗora wata kan wata, a shimfiɗa katako ko tsohon tayal a ƙasa saboda ƙusa, a rufe da tamfol.

Mai Walda:
A daina wahala. A ƙera masa tankin lita 100 mai faɗi, a ɗaure da noti a bayan kan mota, a ja tiyo zuwa wuyan tankin asali. Kwana biyu an gama.

Oga Bakanike:
Ka sa masa katangu a ciki da za su hana man tambal-tambal? Ka sa mashaƙar iska? Tiyon nan in babu famfon rufewa, man sama zai yi ta gangarowa har tankin ƙasa ya cika ya riƙa zubarwa a kan taya. Ba aikin da za a yi ana sauri ba ne. Malam, in ka nace sai duron, ga yadda za ka yi. A tsaye, manne da kan mota, a tsakiya, gaban tayoyin baya. Katako a gindinsa ta ko'ina, bel mai ƙugiya guda biyu a gicciye, ba igiyar roba ba. Janareto da batir su yi nesa da shi. Iskar tayoyin baya ka bi lambar cikakken lodi da ke jikin ƙofar direba, sai ka isa yashi ka rage. Wajen ɗiba ka bar shi ya kwanta rabin awa, kada tiyo ya taɓa ƙasa, ka bar yatsa uku, ka tace a mazurari mai raga. Ka tafi da filtar mai guda biyu da abin kashe gobara na hoda. In fitilar ruwa ta kama a dashbod, ka tsaya nan take ka kwance ƙasan filta ka zubar. Duro rabi ya fi cikakke haɗari wajen shan kwana, don haka da ka fara ɗiba ka juye sauran a jarka.

Ɗan Gashuwa:
Duk kun manta babban abu. A Yobe jami'an tsaro ba sa wasa da mai a duro ko jarka, saboda masu kai wa 'yan Boko Haram. Ga kwastan, tun Nuwamban 2019 da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka idonsu yana kan duk mai ɗauke da mai ta wannan yankin, kuma inda za ku ba shi da nisa da Nijar. Ka riƙe rasit na gidan mai da takardar aikin mai hatimi, ka kuma sa mai aikin ya sanar da ƙaramar hukuma. In ba haka ba za ka kwana a shinge.

Mai tambaya:
Rasit kam babu, a hannun wani na saya, amma mutumin kirki ne. Simintin ma ba zan iya bari ba, an riga an ɗora. Yanzu in na kwantar da duron a kan buhunan siminti na ɗaure sosai fa? Ai zai yi masa laushi.

Direban Nguru:
Nawa ka sayi litar? In da saura a wajensa ina so.

Oga Bakanike:
Malam, ka je sikeli ka auna tirelar tukuna. Kuma har yanzu ba ka faɗa mini abin da duron ya taɓa ɗauka ba.