Muhawara: Shin tsarin gasar Oktoba na cutar ƙungiyar da ta fi kowa cin wasa a besbol?

Baban Ummi: Jama'a, ni dai maganata ɗaya ce. Tun da MLB, hukumar babbar gasar besbol ta Amurka, ta faɗaɗa zagayen fitar da gwani na Oktoba zuwa ƙungiyoyi 12 a 2022, wasanni 162 na kaka sun zama wahalar banza. Dodgers ta ci 111 a 2022, Padres mai 89 ta fitar da ita. A 2023 abin ya fi muni: Braves mai 104, Orioles mai 101, Dodgers mai 100, duk sun faɗi a karonsu na farko. Diamondbacks da ta ci 84 kacal ita ta kai World Series, karon ƙarshe na ɗaukar kofi. Hutun kusan kwana 5 da ake ba manyan ƙungiyoyi biyu na kowane lig shi ke kashe su, idon mai bugu ya kan dushe idan ya kwana biyu bai ga jifa mai gudun mil 95 a awa ba.

Mai Lissafi: Yallaɓai, ka zaɓi shekarun da suka yi maka daɗi. Astros ma ta huta a 2022, ta dawo ta share Mariners 3-0, ta share Yankees 4-0, ta ɗauki kofi. A 2024 Dodgers da Yankees duk sun huta, su ne kuma suka haɗu a ƙarshe. Matsalar gajartar karo ce. A ce ƙungiya tana da damar cin kowane wasa kashi 60 cikin 100. A karon da ake neman cin 3 cikin 5, damarta ta tsallake kusan kashi 68 ce. Wato sau ɗaya cikin uku za ta koma gida ba tare da ta yi wani laifi ba. Kuma kashi 60 ɗin ma karamci na yi mata, tunda abokiyar karawar ba kanwar lasa ba ce.

Baban Ummi: To ai ka goyi bayana ke nan, Malam. A mayar da shi 4 cikin 7.

Mai Lissafi: Daga 68 zai koma 71. Ƙarin ke nan gaba ɗaya.

Hajiyar Seattle: Baban Ummi, abin ya girmi 2022. Mariners ta ci 116 a 2001, Yankees ta fitar da ita 4-1, a karon 4 cikin 7 kuwa. Cardinals ta ɗauki kofi a 2006 da nasara 83. In ana son wanda ya fi yawan nasara ya wuce kai tsaye, sai a koma kafin 1969, lokacin da zakaran kowane lig ke shiga World Series babu wani tsani.

Koci: Ku duka kuna ta lissafi, ba wanda ya taɓo masu jifa. Kaka da Oktoba ba irin ƙungiya ɗaya suke so ba. A kaka kana juya masu buɗe wasa 5, kowa ya huta kwana 4, saboda haka na huɗu da na biyar suna ɗaukar kusan kashi 40 na wasanni. Ƙungiya mai zurfin benci a nan take tara nasara. A Oktoba akwai ranakun tafiya tsakanin wasanni, na biyar ba ya ko taɓa ƙwallo a farkon wasa, na huɗu sau ɗaya a karo. Gwanaye 3 da 'yan karɓa 4 masu ƙarfi, wato masu karɓar jifa a tsakiyar wasa, sun isa. Nationals ta yi haka a 2019 da Scherzer da Strasburg da Corbin, har tana sako Corbin a tsakiyar wasa. A 2025 Yamamoto shi kaɗai ya ci wa Dodgers wasanni 3 cikin 4 a kan Blue Jays, ya buɗe na 6, washegari ya rufe na 7.

Ku duba Dodgers ta 2023 da ake cewa hutu ya kashe. Kershaw ya zubar da maki 6 a wasan farko, mutum ɗaya tal ya fitar. A wasa na 3 an doka wa Lance Lynn ƙwallo 4 waje da fili a zagaye guda. Ina ruwan hutu da wannan? Masu jifansu ne suka iso Oktoba a raunane.

Baban Ummi: Koci, na ji ta masu jifa. Amma Betts da Freeman, manyan masu bugun Dodgers, fa? Bugu 1 cikin 21 su biyu.

Koci: Wasa 3 ne, ɗan'uwa. A watan Yuni ma gwani kan yi irin wannan makon, ba wanda ke lura. Kuma kar ka manta ribar hutun: wanda ya fito daga Wild Card, zagayen farko da ake yi lokacin hutun, ya riga ya ƙona gwanayensa biyu, kai kuma naka na ɗaya yana jira da sabon hannu, a gidanka.

Hajiyar Seattle: In gyara ake nema, Japan ta nuna hanya. A matakin ƙarshe na Climax Series, zagayen fitar da gwaninsu, zakaran lig yana farawa da nasara 1 a aljihu, kuma duk wasannin a filinsa. Wannan ya fi ƙara wasanni tasiri.

Mai Lissafi: Hajiya, masu ƙungiyoyi ba za su so ba. Nasarar kyauta wasa ɗaya ce da ba a sayar da tikitinta ba, ba a nuna ta a talabijin ba.

Baban Ummi: To a bar nasarar kyautar, a ba su duk wasanni 5 a gida. Brewers ta fi kowa a 2025 da 97, me ta samu?

Koci: Ta samu wasa biyun farko da Dodgers a gidanta, masu jifan Dodgers Snell da Yamamoto suka bar ta da maki ɗaya ɗaya a kowanne.